Injin finbol na 1975 da motonsa ya ƙi tsayawa

Asalin injin

Finbol wasa ne da ake yi da ƙwallon ƙarfe a kan tebur mai gangare da aka rufe da gilashi. Mai wasa yakan harba ƙwallon zuwa sama da wata sanda mai sifirin, ƙwallon ya gangaro yana karo da abubuwa yana tara maki, shi kuma yana tare shi da mabugai masu amsa maɓallan gefen akwatin, don kada ya faɗa ramin ƙasa. Birnin Shikago na Amurka ne cibiyar sana'ar. A can David Gottlieb ya kafa kamfaninsa a 1927, ya fitar da Baffle Ball a 1931, kuma kamfanin ne ya fara sa mabugai a injin Humpty Dumpty a 1947.

Injin da wannan nazari ya shafa shi ne El Dorado, wanda Gottlieb ya fitar a 1975. Ed Krynski ne ya tsara filin wasansa, Gordon Morison ya yi zanen. Na mutum ɗaya ne, irin waɗanda kansu, wato akwatin tsaye mai nuna maki, ya fi faɗi daga sama ya tsuke daga ƙasa. Yana da mabugai huɗu da ƙananan alluna 15 da ke nitsewa cikin tebur idan ƙwallo ya doke su, goma a jere can sama, biyar a gefe. Tsarin ya karɓu sosai, har kamfanin ya sake amfani da shi a Gold Strike da Target Alpha da Solar City, da kuma Canada Dry da aka yi wa kasuwar Faransa. El Dorado na ɗaya daga cikin injuna biyu da aka kai gaban majalisar birnin New York a 1976, lokacin da wani gwanin wasan, Roger Sharpe, ya je nuna wa 'yan majalisar cewa wasan gwaninta ne ba caca ba. Birnin ya hana finbol tun 1942, zamanin magajin gari Fiorello LaGuardia, kuma a shekarar ta 1976 aka ɗage hanin.

Babu kwamfuta ko allon lantarki na zamani a cikin irin wannan inji. Taransifoma ce ke karɓar wutar gida ta Amurka, volt 120, ta sauke ta zuwa kimanin volt 25 domin kwayil-kwayil, wato naɗin waya mai jan ƙarfe idan wuta ta bi ta cikinsa, da kimanin volt 6 domin ƙwayayen fitila. Sauran aikin duk na rile ne, wato ƙaramin kwayil mai buɗe makunnai da rufe su, da na makunnan kansu, wato siraran ƙarafa biyu ko uku masu ɗan ɗigon azurfa a baki, waɗanda ke haɗuwa su rabu. Ana nuna maki a kan ganguna masu lambobi daga 0 zuwa 9. Akwai gangar gomomi, ta ɗaruruwa, ta dubbai da ta dubu goma-goma, sai sifili na ƙarshe da ba ya motsi. Kowace ganga tana da kwayil ɗinta mai ja ta taku ɗaya a kowane bugun wuta. Gottlieb yakan ba riloli haruffa: N na maki 10, M na 100, L na 1,000, S na fara wasa.

A ƙasan akwatin akwai ƙaramin moto mai juya fayafayai masu tudu da kwari, an kewaye su da tarin makunnai. Shi ke tsara abin da zai riga wani faruwa. A injunan Gottlieb, kowane zagayen aiki sulusin juyi ne, digiri 120, kuma a cikinsa moton yana fitar da bugun wuta biyar. Idan ƙwallo ya ci maki 500, rile ya kama, moto ya tashi, bugu biyar su tafi rilen M, gangar ɗaruruwa ta taka sau biyar, ƙararrawa ta buga sau biyar, sannan moton ya tsaya. Haka ma idan an danna maɓallin fara wasa: moton zai yi ta aika bugu ga duk gangar da ba ta kan sifili, kuma ba zai tsaya ba sai kowace ganga ta rufe makunnin da ke shaida cewa ta iso sifili.

Yadda aka same shi

Mai injin ma'aikaci ne da ya yi ritaya a wani ƙaramin gari a tsakiyar Amurka. Ya iya 'yan gyare-gyaren gida, amma bai taɓa buɗe injin finbol ba. Ya saye shi daga wani iyali da ke kwashe kayan gidan iyayensu. Injin ya yi shekaru masu yawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai laima, kuma masu sayarwa sun ce lafiya lau yake aiki ranar da aka kashe shi na ƙarshe.

Don a fito da shi, sai da aka cire kan daga jikin akwatin, aka zare fulogogin da ke haɗa wayoyin kai da na ƙasa, aka kwance ƙafafu huɗun. Da aka sake haɗa shi a garejin mai shi, ga abin da aka gani. Robobin filin wasa sun bushe sun tsattsage. Ƙwallon ya yi tsatsa. Igiyar wuta mai baki biyu ce, robarta ta fashe kusa da fulogi. Fentin bayan gilashin kai ya fara ɓarewa a wuraren da ƙwayayen fitila ke kusa da shi. Taswirar wayoyi, wadda kamfani ke sawa a cikin kowane inji a wancan zamani, babu ita. Gangunan maki kuwa sun tsaya a kan makin wasan ƙarshe da wani ya yi.

Ranar farko

Aka jona wuta, fitilu suka kama, ban da 'yan kaɗan. Mai injin ya danna maɓallin fara wasa. Rilen S ya kama, moto ya tashi. Gangar dubbai da ta dubu goma-goma suka taka da kyar har suka iso sifili. Ta gomomi ta biyo baya tana ja da ƙafa. Ta ɗaruruwa kuwa ta yi taku biyu ta maƙale tsakanin lamba da lamba, kwayil ɗinta na gurnani a kowane bugu. Moton ya ci gaba da juyawa ba tsayawa, ƙwallo bai fito ba. Ya zare wuta ya sake jonawa, abu ɗaya.

Ya sa yatsa ya tura gangar ɗaruruwan har sifili. Yanzu duk ganguna suna nuna sifili, amma moton bai tsaya ba. Wannan alamar ta biyu bai ba ta muhimmanci ba a ranar, domin hankalinsa na kan gangar da ya ga ta maƙale da idonsa.

Mako na farko: feshi

Abin da ya fara yi shi ne feshi. Ya ɗauko gwangwanin man feshi na kwance tsatsa ya fesa wa gangunan huɗu, da sandunan ƙarfen da ke shiga cikin kwayil, da faifan da ke ƙirga ƙwallaye. Ya kuma sayo feshin wanke makunnai ya bi tarin makunnan moto da na riloli.

Da farko abin kamar ya yi. Man ya narkar da tsohon giris, gangar ɗaruruwa ta saki, kuma bayan an zaro gangunan an mayar, moton ya tsaya, ƙwallo ya fito. Ya yi wasa cikakke a karon farko, ko da yake mabugan ba su da ƙarfin kai ƙwallo ga alluna goman da ke sama. A wannan wasan ne, da ya danna mabugi na dama, wata 'yar wuta ta tashi fal a ƙarƙashin tebur ta mutu. Makunnin mabugi yana tartsatsi a kowace dannawa, feshin da bai gama bushewa ba kuma mai kama wuta ne. Allah ya kiyaye, iyakar ɓarnar baƙin tabo ne a jikin katako.

Kafin mako ya ƙare ganguna sun koma nauyi, har sun fi da. Ruwan feshin ya tashi ya bar danƙo, danƙon ya haɗu da baƙar ƙurar da kwayil da makunnai ke zubarwa. Moton ya koma juyawa ba tsayawa, amma yanzu ba kullum ba: wani lokaci wasa ya fara, wani lokaci ya ƙi.

Mako na biyu da na uku: gyaran makunnai

Ya karanta cewa yawancin matsalolin irin waɗannan injuna daga makunnai suke, wanda gaskiya ne. Sai ya yanke shawarar bin su kaf. Ya ɗauki samfefa da filaya ya fara daga ƙasan akwatin, ya goge bakin kowane makunni, duk wanda ya ga tazararsa ta yi masa yawa a ido ya lanƙwasa shi ya matso. Makunnan injin sun kai ɗaruruwa. Bai ɗauki hoto kafin ya taɓa ba, bai kuma rubuta waɗanda ya taɓa ba. A cikin kwanakin nan ne kuma ya sa sababbin robobi a filin wasa.

Sakamakon shi ne matsaloli biyu da babu su a da. Ta farko, moton ya fara wuce wurin tsayawarsa ko a tsakiyar wasa, ya ƙara zagaye ɗaya ko biyu ba dalili. Ta biyu ta fi muni. Duk lokacin da wasa ya yi sa'ar farawa, rilen N yakan kama ya ƙi saki, gangar gomomi ta ja ta tsaya a jaye, ƙararrawar maki 10 ta buga sau ɗaya ta yi shiru, sai gurnani kawai. Wata rana ya bar shi a haka ya tafi neman tocila. Da ya dawo gareji ya cika da ƙauri. Takardar da ke naɗe da kwayil ɗin ƙararrawar ta koma ruwan ƙasa, bututun roba na cikinsa ya narke ya riƙe sandar ƙarfen gam. Irin wannan kwayil an yi shi ne don ya karɓi wuta na ɗan ƙiftawar ido, ba na mintoci ba.

Mako na huɗu: sayen kaya

Ya yi odar sabon kwayil ya sa. Ya fara wasa, rilen N ya sake kamawa, sabon kwayil ya fara zafi, ya yi sauri ya zare wuta kafin shi ma ya tafi. Daga nan zarginsa ya koma kan taransifoma, a tunaninsa ta tsufa ba ta ba da isasshiyar wuta, shi ya sa ganguna ke nauyi mabugai ke sanyi. Ya auna da mita, ya sami volt 25 ɗin nan cif. Duk da haka ya mayar da wayar zuwa baki na sama na taransifomar. Kamfani ya tanadi wannan baki ne domin wuraren da wutar gari ke da rauni, kuma a gidan da wutarsa ke daidai yakan ƙara volt biyu zuwa uku a kan abin da kwayil ke bukata. Mabugai suka ɗan ƙara kuzari. Moton bai fasa juyawa ba, rilen N bai fasa maƙalewa ba.

A nan ya ajiye aikin na wasu makonni.

Wata na biyu: taswira da tsohon makanike

Abubuwa biyu suka shigo a wannan watan. Ya sayi kwafin taswirar wayoyin El Dorado daga masu sayar da kayan gyaran Gottlieb, sannan ta hanyar wata ƙungiyar masu sha'awar finbol ya samu wani dattijo da ya yi aikin gyaran irin waɗannan injuna a shaguna da wuraren wasanni tun suna sababbi.

Dattijon bai jona wuta ba a zuwansa na farko. Ya fara da fis-fis, yana gwada kowanne da lambar da ke rubuce a katin gefensa. Ɗaya ya ninka abin da katin ya ce, aikin wani mai gyara na da, kuma mariƙin wani ya saki har fis ɗin na rawa a ciki. Aka canza su, aka canza igiyar wuta zuwa mai baki uku, aka mayar da wayar taransifoma bakinta na asali. Ya zare fulogogin da ke haɗa kai da akwati ya goge ƙafafunsu har suka yi haske. Ya auna kwayil-kwayil ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar masu gyara ita ce duk wanda ya nuna ƙasa da ohm 2 a mita abin zargi ne. Tsohon da ya ƙone, wanda aka riga aka cire, shi kaɗai ya faɗi a awon.

Sai ya ɗauki sukundireba ya bi sukurorin da ke riƙe da tarin makunnai. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a kowane tari akwai 'yan ɓallayen da ke hana wuta tsallakawa, kuma da shekaru sukan bushe su ƙanƙance, tarin ya yi sako-sako, tazarar makunnai ta canza da kanta. Da yawa daga cikinsu sun karɓi kwata ko rabin juyi. Ya bayyana wa mai injin cewa yawancin makunnan da ya lanƙwasa a mako na biyu ɗaurewa kawai suke bukata, kuma yanzu da aka ɗaure, waɗanda aka lanƙwasa sun matse fiye da kima, sai an bi su an mayar.

Ya fara da moto. Yana juya fayafayan da hannu a hankali, yana kallon kowane makunni yana hawa tudu yana faɗawa kwari, taswira a buɗe a gefe. Makunnin da ake kira 1C shi ne ke riƙe wa moto wuta har ya iso gida, sannan ya buɗe. Mai injin ya matse shi har ya zama da kyar yake rabuwa. Aka buɗe shi, matsalar ƙarin zagaye ta tafi. Wajen gyara tazara, dattijon ba ya taɓa dogon ƙarfen da ke motsi. Gajeren da ke tsaye yake lanƙwasawa, daga gindinsa kusa da tari. Abin da yake nema shi ne tazarar kimanin kashi ɗaya cikin 16 na inci idan makunni a buɗe yake, idan kuma ya rufe, dogon ya ɗan tura gajeren gaba, bakunan su goga juna. Wannan gugar ce ke share datti a kowane motsi. Wanda ya san yadda makanikan tsofaffin Fijo ke saita kwantak zai gane aikin nan take.

Rilen N ya ɗauki ƙasa da rabin awa. Taswira ta nuna hanyoyi biyu da za su iya riƙe shi: ko wani makunnin maki 10 a filin wasa ya rufe ya ƙi buɗewa, ko makunnin ƙarshen ja na gangar gomomi, wanda ke sakin rilen bayan ganga ta taka, ba ya buɗewa. Dattijon ya yayyanka kati ya cusa tsakanin bakunan duk makunnan maki 10 da ke filin. Aka fara wasa, rilen bai kama ba. Ya riƙa zare katin ɗaya-ɗaya. Da ya zare na wani makunni da ke tsaye a bayan roba, rilen ya kama nan take. Mai injin ya matse wannan makunni, sannan sabuwar robar, wadda ta fi tsohuwar tsauri, ta danne shi ya rufe ɗungurungum.

Wata na biyu zuwa na uku: ganguna

Nan aikin ya fi cin lokaci, kuma mai injin ne ya yi yawancinsa da hannunsa bayan an nuna masa a ganga ɗaya. Sharaɗin da dattijon ya kafa shi ne ganga ɗaya a lokaci guda, sauran ukun su zauna a haɗe don a riƙa dubawa idan an manta inda wani abu yake. A ɗauki hoto kafin a cire kowane sukuru.

Kowace ganga an zaro ta, an cire zoben da ke riƙe da ita, an fitar da ƙafar mai haƙora da sifirin da sandar kwayil. An wanke komai da sifirit mai ƙarfi, kashi 91 cikin 100, har tsumma ya daina fitowa baƙi. An canza bututun cikin kwayil. Fuskar gangar mai lambobi kuwa ba a kai mata sifirit ba, domin yana ɗauke fentin lambobin, tsumma mai ɗan laima kawai aka shafa a hankali. Aka mayar da komai a bushe. Sandar kwayil da sassan roba an yi su ne su yi aiki ba mai ba giris.

Sannan aka gwada makunnan kowace ganga a matsayi uku, ana tura sandar da yatsa: a kan sifili, a kan 1 zuwa 8, a kan 9. A kan sifili, makunnin da ke shigo da bugun share maki ya buɗe, wanda ke shaida isowa sifili ya rufe. A kan 9, makunnin da ke tura ɗaya zuwa ganga ta gaba ya rufe. Duk huɗun suka ci jarrabawar a ido.

Aka jona wuta, aka danna maɓalli. Ganguna suka ruga sifili da ƙara mai daɗin ji. Moton ya ci gaba da juyawa.

Wannan ita ce alamar ranar farko, wadda feshi da lanƙwasa suka binne. Dattijon ya ɗauko waya mai ɗan maƙale a kowane baki. A taswira, makunnan shaidar sifili a jere suke a kan layi ɗaya, wuta sai ta ratsa dukkansu kafin rilen da ke kula da share maki ya saki. Ya riƙa yi wa kowanne gada da wayar, moto na juyawa. Gomomi, ba canji. Da ya ɗora a kan na ɗaruruwa, moton ya kammala zagayensa ya tsaya, ƙwallo ya fito.

Makunnin kansa lafiya yake, bakinsa na haske, yana rufewa da kyau. Dattijon ya kama wayar da ke manne a gindinsa ya ɗan ja, sai ta zame daga cikin dalmar ba tare da gardama ba. Dalmar ta tsage ta zagaye wayar, tsagar da ido ba ya gani, wayar na zaune a raminta tana taɓawa wani lokaci tana saki wani lokaci. Gangunan nan zaro su ake yi duk lokacin gyara, wayoyinsu na lanƙwashewa a wuri ɗaya shekara da shekaru. Jijjigar ɗauko injin daga ɗakin ƙasa ta isa ta ƙarasa tsagar. Wannan ne ya sa a makon feshi wasa ya fara bayan an zaro ganguna an mayar: wayar ce ta motsa ta taɓa. Aka goge ta aka sake like ta da sabuwar dalma.

Wata na uku: sauran aiki

Da wasa ya fara tafiya, sai wasu abubuwa suka fito fili. Injin yakan maimaita ƙwallo ɗaya, lambar ba ta ci gaba. Faifan ƙirga ƙwallaye ne, shi ma ya sha feshi. Kafin a kwance shi aka sa alama a inda yatsun tagullarsa ke zaune, aka ƙirga naɗin sifirinsa yayin warwarewa. Aka tarar wani a baya ya ƙara masa naɗi don ya rinjayi danƙo, abin da ya sa kwayil ɗin da ke tura shi gaba ke wahala. Aka wanke, aka goge kawunan ƙusoshin tagulla har suka yi haske, aka shafa musu giris siriri ƙwarai. Wannan faifai da giyar moto suna cikin 'yan wuraren da ke karɓar mai a duk injin.

Mabugai an sake musu sanduna da bututu da mahaɗai. Bakin tsofaffin sandunan ya baje saboda duka, yana gogar bututu. Kwayil ɗin mabugi naɗi biyu gare shi, mai ƙarfi na bugu da mai rauni na riƙewa, kuma makunnin ƙarshen ja ne ke sauya wuta daga wannan zuwa wancan. Idan bakinsa ya ƙone ko ya buɗe da wuri, bugu ya yi sanyi. Aka goge bakunan da magagarin ƙarfe, domin sun fi na azurfa tauri, aka saita su su buɗe kimanin kashi ɗaya cikin 8 na inci a ƙarshen ja. A kan volt 25 na asali ƙwallo ya kai alluna goman sama ba wahala.

Aka sa sabon ƙwallo mai inci 1 da kashi ɗaya cikin 16, domin mai tsatsa yana cin fentin tebur. Aka wanke tebur aka shafa kakin gogewa, aka daidaita ƙafafu gangaren ya zama kimanin digiri 3.5, wanda ya gaza na injunan zamani masu digiri 6.5. Ƙwayayen fitilar kai masu lamba 44 aka canza su da masu lamba 47, waɗanda ke jan milliamp 150 maimakon 250, don rage zafin da ke ɓare fenti.

Bayan wata shida

Injin yana fara wasa a kowace dannawa, yana ƙirga maki da ƙwallaye daidai. Idan ya yi makonni ba a taɓa shi ba, wasan farko yakan zo da ɗan tsallaken maki, sannan ya warware da kansa yayin da makunnai suka goga juna. Fentin gilashin da ya riga ya zube bai dawo ba, an dai fesa wa bayansa abin da zai riƙe sauran. Tabon wutar yana nan a ƙarƙashin tebur.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Injin ya zo da lahani biyu da suka hana shi fara wasa: busasshen giris a ganguna, da tsagaggiyar dalma a waya ɗaya. Duka biyun alama ɗaya suke bayarwa, moto mai juyawa ba tsayawa, shi ya sa na farko ya rufe na biyu. Moton kansa bai taɓa samun matsala ba kafin a taɓa shi, jiran shaidar sifili yake yi da ba ta iso ba. Mai injin ya ga hujjar haka tun ranar farko, lokacin da ya tura ganga sifili da yatsa moton bai tsaya ba. Da taswira na hannunsa, wannan kaɗai ya isa ya kai shi ga layin makunnai huɗu.

Feshin ya gaza ne domin narkar da giris yake yi ba fitar da shi ba, kuma ya ba da nasarar ƙarya da ta ɓoye tsagar dalma. A ganina lanƙwasa makunnai ta fi shi illa. Makunnin da ya yi shekaru yana aiki a saitin kamfani ba ya lanƙwashe kansa a ajiye, datti yake yi ko tarinsa ya saki. Taɓa ɗaruruwan makunnai ba tare da rubutawa ba ya sa ba a iya bambance lahanin da injin ya zo da shi da wanda aka ƙara masa, kuma shi ya ƙone kwayil ɗin ƙararrawa. Sayen sabon kwayil da ƙara wuta duk maganin alama ne: kwayil ba ya ƙonewa sai wani abu ya riƙe masa wuta, kuma raunin mabugai daga sanduna da makunnai ya fito.

Dattijon bai zo da kayan aikin da suka wuce sukundireba da mita da yankakken kati da waya ɗaya ba. Bambancinsa shi ne kowane gwaji nasa yana raba abin zargi gida biyu, kuma ba ya canza abu biyu a lokaci guda. Ba zan ce komai na mai injin kuskure ba ne. Robobin da ya canza dole ne a canza su, kuma wanke ganguna da ya yi daga baya ya yi shi da kyau. Akwai kuma abin da har yanzu ba a gama ba: makunnan riloli da dama da ya goge da samfefa sun rasa wani kaso na azurfar bakinsu, kuma dattijon ya ware biyu a rilen M da ya ce za su bukaci sabon baki nan gaba.